Masu Taɓe Baki, Ga Kujerar Roba

Na san ku, na kuma san irin kallon da kuke yi wa wannan shafin. Da ido ya faɗa kan jita da rege da buluz, sai leɓe ya karkace, a turo hula gaban goshi, a ce, "Wannan kuma yau ya rasa abin rubutawa." Wani ma har ya gama yanke hukunci cewa na tara gashi na rabu da mataji. Ku kwantar da hankalinku. Ko da ina sha'awar tarawa, sanƙo ya sallami wanzamina tun tuni.

Maganata ba ta da tsawo, gardamarku ce za ta ja ta. Cewa nake yi kiɗan da aka yi da hannu, a ƙaramin wuri inda makaɗi yake ganin fuskarka kai ma kake ganin gumin goshinsa, ya fi duk abin da kuka cika wayoyinku da shi, kuma yawancin masu zaginsa ba su taɓa zama sun saurare shi ba ko na rabin awa.

Bari in kwatanta muku wurin, tunda kun rantse ƙafarku ba za ta taka ba. Akwai irinsa a Yamai, akwai a Agadas, akwai a Jos. Tsakar gida ne, ko ɗan lambu da aka kewaye da langa-langa. An ɗaga dandamali da bai wuce gwiwa ba, an jera kujerun roba, wasu an ɗinke musu ƙafa da waya. Lasifika biyu, ɗaya lafiyayya, ɗaya tana fama da tari. Janareta yana bayan katanga yana nasa kiɗan. Mai shayi a kusurwa, mai tsire a bakin ƙofa. Ko wuri ya cika maƙil, mutane ba za su kai ɗari ba. Makaɗan huɗu ne ko biyar: mai ganguna, mai doguwar jitar nan mai kaurin murya da suke kira bes, masu ƙananan jita biyu, wani lokaci da mai ƙwarya, ya kifa ta yana dukanta da dunƙulen hannu. Shi ke nan. Babu hayaƙin ƙarya, babu ƙarti masu baƙin tabarau da za su tare ka su tambaye ka wa ka sani.

Alhaji na sahun gaba, na ji ka. Ka ce kiɗan Turawa ne. Allah ya ja zamaninka, wa ya gaya maka? Buluz dai baƙar fata ne suka haife shi a kudancin Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, da yawansu daga nan yammacinta. A gonakin auduga na gaɓar kogin Misisifi ya tashi, wajen ƙarshen ƙarni na 19. Mutum ya shekara yana tsintar auduga a gonar da ba tasa ba, ranar lissafi mai gona ya buɗe littafi ya ce har yanzu shi ke bin bashi. Daren Asabar sai a taru a wata bukkar katako a bakin gona, a soya kifi, wani ya ɗauko jita. Tsarin waƙar ma ba baƙonka ba ne: a faɗi magana, a maimaita ta, a kawo ta uku ta rufe, jita kuma ita ce ke yin aikin 'yan amshi a tsakani. Yaran da ba su da kuɗin jita kuwa, waya guda suke ɗaurewa a jikin bangon katako, su riƙa jan kwalba a kanta. Tsirkiya ɗaya, Alhaji. Ko ka tuna wani mai tsirkiya ɗaya? Da gwangwanin kifi da fatar akuya Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya.

Wani masanin kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, ya yi shekaru yana yawo da rikoda a Afirka. A littafin da ya fitar a 1999 ya bi sawun buluz ɗin Misisifi, wato yadda ake karya murya a ja ta, da yadda mawaƙi ɗaya yake zama shi da abin kiɗansa mai tsirkiya, sai sawun ya kawo shi wannan shimfiɗa tamu, ƙasar goge da molo da gurmi. Har da wani mai goge Bahaushe da ya naɗa a Kamaru ya kafa hujja. Ban ce Garba Supa ne ya koya wa Amurkawa kiɗa ba. Abin ya ratsa teku da bulala da coci da ɗaruruwan shekaru, ya zama nasu halak malak. Amma jini ba ya ɓuya. Ali Farka Touré na Niafunke a Mali, da ya fara jin faifan mawaƙin buluz John Lee Hooker, ɗauka ya yi kiɗan yankinsu ne wani ya tafi da shi. Faifan da ya yi da Ry Cooder a 1994 ya ci Grammy, mutumin ya koma garinsu ya ci gaba da noman shinkafa, a 2004 aka zaɓe shi magajin gari.

To Alhaji, waƙar da aka sa a bikin 'yarka fa? Launinta daga Indiya aka ɗauko, fiyanon da aka buga ta da shi Yamaha ne ƙirar Japan, muryar mawaƙin kuma kwamfuta ce ta miƙe ta. Ka tashi ka yi liƙi har babbar riga tana zamewa. Ban ga laifinka ba, ni ma in ta yi daɗi ina gyaɗa kai. Amma kai da kake cikin wannan hali, da wane baki kake kiran jita baƙuwa?

Sai kai na kusa da shi, mai murmushin mugunta, da tun ɗazu kake jira in iso kan rege. Faɗi mana. "Kiɗan 'yan wiwi." Madalla. Ba zan yi maka musu a kan Rastawan Jamaika ba, suna sha, wasunsu ma ibada suka ɗauke shi, Peter Tosh har faifai ya yi a 1976 yana neman a halatta ganyen. Sai dai Lucky Dube na Afirka ta Kudu, wanda kaset ɗinsa ya mamaye motocin haya a nan a shekarun 1990, an san shi ba ya shan taba, ba ya shan giya, ba ya shan wiwi, har 'yan fashin mota suka harbe shi a Johannesbag a 2007. Ta ɗaya gefen kuma, Ali Makaho bai taɓa ganin Jamaika ba ya yi wa mandula waƙa da kukumarsa, ban kuwa ji ka ce a ƙona kukuma ba. Yaran unguwarku da suke bayan makarantar firamare da magariba, wane Bob Marley suke ji?

Abin da ba ka tsaya ka ji ba shi ne maganar da ke cikin waƙoƙin. Rege a unguwannin talakawan Kingiston ya girma a ƙarshen shekarun 1960, kuma zancensa bai wuce kuɗin haya da yunwa da duka a hannun hukuma da ɗan siyasar da ya zo da alkawari ya tafi da ƙuri'a ba. Waƙar da ta fito da Alpha Blondy a Abijan, "Brigadier Sabari", labarin samamen 'yan sanda ne da dukan da ya biyo baya, da yaren Jula. A Afrilun 1980, daren da Zimbabuwe ta karɓi 'yancinta, Bob Marley ne ya hau dandamali a filin wasa na Rufaro, shi ya biya kuɗin jigilar kayansa da mutanensa. A 2018 UNESCO ta sa rege cikin kayan gadon ɗan Adam. Kai da kake jinjina wa Ɗan Maraya don ya yi wa karen mota waƙa a lokacin da sauran makaɗa ke bin fada, mutanen nan layinsu ɗaya da shi, harshe ne kawai ya raba.

Malam, da kai ba na wasa. In ka bar kiɗa don Allah, ka bar shi duka, hujjarka tana hannunka, malamai sun daɗe suna tattauna mas'alar kuma ni ba mai ba da fatawa ba ne. Allah ya ƙara taƙawa. Da maƙwabcinka nake, wanda in an ambaci jita a majalisa sai ya yi a'uziyya da ƙarfi don kowa ya ji, amma in ya hau hanyar Kaduna shi kaɗai ya ɗaga gilashi, tun daga Kwanar Dangora Shata ne ke tuƙa motar har Kawo.

Yanzu ga wanda gardamarsa ta fi ta kowa ma'ana, ɗan samarin can da abin ji a kunne. Shi bai ce haramun ba, bai ce na Turawa ba. Cewa ya yi, "Baba, duk waɗannan suna cikin wayata, me zai fitar da ni da dare in ba sauro jinina?" Zo nan, ɗana, zauna.

Mai gangunan Bob Marley, Carlton Barrett, ya shahara da wani salo. In ana ƙirga bugu huɗu, na farko sai ya bar shi fayau, babbar ganga ba ta magana sai a na uku. Jita tana sara a tsakanin bugu, can inda kunne bai zata ba. Wannan ramin da aka bari kuwa yayansa Aston ne yake yawo a cikinsa da bes, kuma a rege bes ne ke ɗauke da waƙar. Shi kuma bes ba da kunne kaɗai ake jinsa ba. Iska yake turawa, ta daki ƙirji, ta bi ta ƙafar kujera ta hau maka gadon baya. Lasifikar wayarka da ba ta kai faɗin farce ba, ina ta ga ƙarfin tura wannan iskar? Rabin waƙar kake ji kana cewa ka san ta.

Ban raina waya ba, kada ka je ka ce na faɗa. Kiɗan waya kilishi ne, yana tafiya ko'ina, yana daɗewa, kuma yana da daɗi. Amma tsire a bakin tukuba ake cinsa, yana ɗiga, mai shi yana kallonka yana tambaya ko a ƙara yaji. Waya ce ma ta yi wa Mdou Moctar rana. Ba'abzine ne daga Nijar, jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. A 2008 ya zo Sakkwato, nan Sakkwato taku, ya naɗi faifansa na farko, "Anar", da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin fim ɗin Hausa. Waƙoƙin suka riƙa tsalle daga wannan waya zuwa waccan ta Bluetooth da katin memori har suka ratsa hamada suka shiga Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji su, ya sa ɗaya a wani faifai da ya tattara na waƙoƙin wayoyin Sahara a 2011, ya kuma tashi neman mai muryar. Yau Mdou yana zaga Turai da Amurka. Amma ka tambayi duk wanda ya gan shi a gidan biki, a kan tabarma, da janareta da ƙura. Waƙar da take minti huɗu a wayarka tana iya kai minti ashirin a can, domin 'yan rawa ba su gaji ba, shi kuma yana ganinsu.

Nan ne gaba ɗayan sirrin yake. Makaɗin ƙaramin wuri yana karanta jama'a. Ya hango wani dattijo a gefe ya lumshe ido yana kaɗa ƙafa, sai ya ƙi barin wannan gaɓar, ya yi ta juya ta. Ya ga hira ta fara yawa, sai ya yi wa mai ganga ido a canza taki. Tsirkiya ta tsinke, mai bes ya riƙe wurin shi kaɗai har a ɗaura wata, wani lokaci ma wannan ɗan tsakanin shi ne abin da za a tafi gida ana zancensa. Kakanninku sun san wannan sarai. Shata yana tsaye zai hango mutum ya shigo, nan take ya ƙera masa waƙa, 'yan kalangu su bi shi. In kiɗa ya canza rawa ta canza, haka ake cewa, amma a irin wannan wuri rawa ma tana canza kiɗa. Wayarka ba ta san ka shigo ba, ba ta kuma san ka fita ba.

Akwai wani can baya da ya ce ai duk makaɗin da ya iya, ba a lungu za a same shi ba, filin wasa yake cikawa. Kai dai ba ka san tarihi ba. Mawaƙin buluz Muddy Waters tarakta yake tuƙawa a gonar Stovall lokacin da wani mai tattara waƙoƙi, Alan Lomax, ya zo da na'urarsa ya naɗe shi a 1941, kuma daga sunan waƙarsa ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila ta samo nata sunan. B.B. King kuwa, a hunturun 1949 yana kiɗa a wani ɗan ɗakin rawa a ƙauyen Twist na jihar Akansas, an kunna kananzir a cikin durom don ɗumama wuri, sai ƙarti biyu suka kaure da faɗa suka ture durom ɗin. Kowa ya yi ta kansa. Yana waje ya tuna jitarsa ta dala 30, ya koma cikin wutar ya ɗauko ta. Washegari ya ji ashe a kan wata mace mai suna Lucille aka yi faɗan, sai ya raɗa wa jitar sunanta, don ya riƙa tuna kada ya sake irin wannan wauta. Da wannan suna ya kira jitocinsa har ya rasu a 2015, shekarar da ta ɗauke mana Ɗan Maraya.

Ka ce wannan labarin nesa ne? To dawo Yamai. Ƙungiyar Tal National, da suke waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, jagoransu da ake kira Almeida ma'aikacin shari'a ne da rana, mai jita da dare. Lokacin da faifansu "Kaani" ya fita duniya a 2013, dare biyar a mako suke wasa a gida, awa biyar a jere, wannan ya gaji ya miƙa wa wancan jita ba tare da kiɗa ya tsaya ba. Etran de l'Aïr na Agadas tun 1995 suke bin gidajen biki kafin Turawa su san da su. Bombino ma daga nan Agadas ɗin ya fito. A tawayen Abzinawa na 2007 har hana kiɗan jitarsu aka yi, ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso, kuma gwamnati ba ta ɓata lokacinta wajen hana abin da ba shi da tasiri. A faifansa na 2016 ya gauraya jitar hamada da takin rege, na 2018 kuma ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka tsayar takarar Grammy. Duk waɗannan a kan tabarma da kujerar roba hannunsu ya nuna.

Shi kuma babban taron da kake alfahari da shi, ai na je. An rubuta ƙarfe bakwai, tauraro ya iso ɗaya saura na dare. Aka saki waƙarsa daga kwamfuta, shi yana tsalle yana motsa baki, yana miƙo mana makirfo mu rera masa waƙar da muka biya kuɗi don ya rera mana. Daga inda nake tsaye, sai a majigi na gane kalar rigarsa.

Hajiya, na ga kin yi shiru kina gyara mayafi, wai wurin ba na matan kirki ba ne. Wasu wuraren haka suke, ba zan kai ki ba, ni ma ba na zama. Amma kar a ce jita ta maza ce ko kiɗa ya fi ƙarfin mata. Fatou Seidi Ghali daga ƙauyen Illighadad a Nijar, da jitar yayanta ta koya a ɓoye, yau ita da 'yan uwanta suna haɗa ta da gangar tende ta matan Abzinawa a manyan biranen duniya. Ke kuma da kika yi rawar Barmani Coge a cikin gida har ɗankwali ya faɗi, da ƙwarya da hannu aka yi wannan, ba da kwamfuta ba.

Kada kuma ku ce na yi muku tallan aljanna. Akwai daren da lasifika za ta yi ƙara ta huda kunne, akwai sauro, akwai ɗan maye guda ɗaya da ba ya rasa zuwa, shi ne kuma mai son rawa a gaban kowa. Akwai ƙungiyoyin da waƙoƙin Marley uku kawai suka haddace, kullum sai sun yi musu kisan gilla, da Turancin da ko a Jamaika sai an nemo tafinta. Janareta kuma yakan mutu a daidai inda kiɗa ya fi daɗi. Sai dai a nan ake gane makaɗi. Na ƙarya zai tsaya yana duba waya yana jiran mai gyara. Na gaske zai ajiye jitar lantarki ya ɗauko ta katako, mai ƙwarya ya ci gaba, jama'a su jawo kujeru su matso, a ɗora da tafi. Ku gwada kashe wa mai kwamfutar bikinku wuta mu ga abin da zai rage.

Wannan ne ma abin da ke ci mini rai a ƙarƙashin duk wannan zolaya. Kuna taɓe wa jita baki da sunan kishin al'ada, alhali masu goge da kukuma da gurmi na garinku sun tsufa babu mai gayyatarsu, 'ya'yansu sun koma acaba. Haruna Uji ya tafi, Hassan Wayam ya tafi, wa kuka zaunar a tsakar gida kuka ce ya ɗauki abin da suka ajiye? Abzinawa sun riƙe makaɗansu a gidajen biki har duniya ta zo ta same su a can. Mu kuwa mun sallami namu mun ɗauko yaro da kwamfuta da katin memori.

Saura Bakano, abokin wasana, wanda duk wannan dogon bayani bai dame shi ba, tambayarsa ɗaya ce tun farko: nawa ne kuɗin shiga? Bai kai abin da kake kashewa a data a mako ba, ranka ya daɗe. In ka zo, ka biya a ƙofa, ban da "ai ni abokin mai wurin ne", ban da neman ragi, domin daga wannan kuɗin ake sayen man janareta da tsirkiya, abin da ya saura mutum biyar su raba. In kiɗa ya ratsa ka, ka tashi ka yi liƙi da sabuwar takarda, ba wadda mai kayan miya ya ƙi karɓa ba. Ku kuma sauran, duk wanda zai aurar da 'ya a bana, ya ware awa ɗaya a cikin shagalin ya kira makaɗi mai hannu, na jita ne ko na goge, ya biya shi kafin ya fara.